Littafin da Ya Fita Ba Sunana

A cikin kaye huɗu, littattafan rubutu irin na 'yan lakwal, wato makarantar boko, na rubuta littafina na farko, da alƙalamin bik shuɗi, in ban da babi biyu na ƙarshe da suka fito da baƙi don shuɗin ya ƙare mini a ƙauye. Labarin wata mata ce mai gyaran taru a bakin tabkinmu na Madarumfa, wadda ba ta lissafa shekarunta da watanni, sai da inda ruwa ya tsaya a jikin wani tsohon gawo. Shekara biyu ina kansa. A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta ta wajen Safo, in tafi Litinin da sassafe, in dawo gida Juma'a da la'asar. In yara sun fita shan iska, sai in jawo kaye daga ƙarƙashin littafin kiran suna in ƙara layi biyu ko uku.

Na ɗauka ranar da na gama zan ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Ba haka aka yi ba. Tsoro ne ya zo ya zauna a gurbin da labarin ya bari. Duk wanda na tambaya yadda ake fitar da littafi, da zancen ɓarayi yake fara mini. Abokiyar aikina ta ce ta san wata da ta saka labarinta a zauren mata na salula, ba a yi mako ba ta gan shi yana yawo da sunan wata. Wani malami ya ce kada in kuskura in ba mai buga rubutu a odinatar, wato kwamfuta, don yana buga mini yana ajiye nasa. Har mai fotokopi na daina sakin jiki da shi, ko takardun makaranta na kai masa idona na kan hannunsa. Kayena kuwa suka koma ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa, makulli ƙulle a bakin zanena. Ni da aka sani da tsayawa bakin tabki ina kallon balbela har a aiko nemana, na koma mai tafiya tana waiwaye.

Akwai wani dattijo a Maradi mai shagon littattafai kusa da kasuwa. Yana sayar da kayan makaranta da littattafan Hausa da ake kawo masa daga ƙetaren iyaka, yana kuma da ƙaramar na'urar buga littafi a bayan shagon. Wajensa na fara zuwa, wata Asabar, kayen a cikin jaka, jakar a ƙarƙashin hijabi.

Ya juya kaye na farko a hannunsa, ya ce, "Ɗiyata, bar mini su mako biyu in karanta."

Na ce, "Baba, ko in zauna nan ka duba, in tafi da abina?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kaye huɗu? A zaune? To ke za ki tsare mini shago ke nan."

Na ɗora hannuna kan sauran ukun. Ya miƙo mini wanda ke hannunsa.

"Riƙe abinki. Amma ki ji. Ko na karanta, ko ya fi zuma daɗi, ba na buga littafin da ba a zo an tambaye ni shi ba. Dubi can sama." Ya nuna mini wasu ƙunshi da aka ɗaure da igiya, takardarsu ta yi ja. "Duk masu su sun rantse mini za a yi rububi. Gara ce kaɗai ta yi. Yanzu kunne ke gaba, ido na biye. Mace na daka tana saurare, direba na tuƙi yana saurare. In suka ji suka so, su da kansu za su zo su ce Alhaji ina littafin kaza. Ran nan sai ki zo mu yi magana."

Shi ya kwatanta mini wani mutum a Ɗan Issa, mai rumfa a bakin tasha, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da labaran saurare a katin salula. Ya ce duk abin da ya shiga rumfar nan, direbobi ke kai shi gabas da yamma, ciki da wajen iyaka, ba sai an roƙe su ba. Na yi godiya na fito. Tun kafin in kai tasha na fara tambayar kaina: me ke tsakanin dattijon nan da mai turin, da har ya san rumfarsa haka?

Duk da haka na je. Na iske shi zaune gaban wata odinatar da fuskarta ta tsage, asuwaki a baki, lasifika a rataye jikin ginshiƙi tana ta kuwwa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya rage ƙarar ya ce in karanta masa shafi ɗaya ya ji muryata. Na karanta. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Madam, muryar nan ta lallashin jariri ce. In na sa ta a mota, inji zai cinye ta kafin a wuce duwan, shingen kwastan ɗin can. Labarin dai da alama akwai nama a jikinsa. Ina da mai karatu a ƙetare, in ta karanta miki har kuka za ki yi da abin da kika rubuta da hannunki. Bar mini kayen."

Kowa bar mini kaye. Na ce, "Malam, ni zan kawo maka muryar."

"Daga ina?"

"Daga gida."

Inna, mahaifiyata, ta yi shekaru tana koyar da mata yaƙi da jahilci a ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gidanmu, tun ina goye, don ni ce babba a ɗakinta. Tana karanta Hausar boko kamar tana ba da tatsuniya. Muryarta na da kauri, ba ta gaggawa, ta san inda ake tsayawa a bar magana ta sauka. A motar dawowa na yi ta yaba wa kaina dabara. A duk duniya mutum ɗaya ce na tabbata ba za ta sace mini littafi ba, ga ta kuma da murya.

"Ke, ni da girmana zan koma 'yar rediyo?" in ji ta.

"Inna, ba wanda zai gan ki. Murya ce kawai."

"Me ke ciki? In akwai rashin kunya ba na karantawa."

"Taru ne da ruwa da gawo."

Ta yi tsaki mai kama da dariya, ta miƙo hannu. A shafin farko na rubuta sunan littafin da manyan baƙaƙe, a ƙasa na rubuta cikakken sunana, na ja masa layi biyu. Na ɗora yatsa a kai na ce, "Daga nan za ki fara, Inna." Ta ce ta ji.

Mako bakwai ta yi tana karatu. Da hantsi, bayan ta sauke aikin gida, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin bedi, ta jingina salula da wani kwanon sha, ta danna inda na nuna mata. Ina Safo duk wannan lokacin. In na dawo Juma'a sai in taɓa tsakiyar abin da ta ɗauka a makon, in saurari kaɗan don in ji ko muryar ta fita, in yi maza in kashe. Jin kalmomina a bakinta na sa ni wata irin kunya, kamar ta iske ni ina magana ni kaɗai a ɗaki. Farkon kuwa ban taɓa kunna shi ba ko sau ɗaya. Shi ya fi ba ni kunya, don na san lokacin da na rubuta shi hannuna bai faɗa ba.

Ranar da na kai wa mai turi katin salular, a kansa na tsaya har ya gama kwashewa. Na karɓi katina na ƙulle a hankici.

Ya ce, "Madam, katin ma ba ya kwana waje?"

Na ce, "Ba ya yi."

Na mayar da shi ƙasan akwati, kusa da kayen.

Wata biyu ban ji komai ba. Har na fara zargin ko bai saki labarin ba, yana ajiye da shi har in manta. Sai wata Lahadi ina dawowa daga Maradi a mota, an matse mu huɗu a baya, wata mata mai kwandon tumatir a cinya ta zaro salula daga ɗaurin ƙirjinta ta danna. Muryar Inna ta cika motar. Mai gyaran taru ce zaune a gindin gawo, tana auna alamar ruwan bara da tafin hannunta. Direba ya kashe rediyonsa. Wata ta gaba ta juyo ta ce, "A'a, kin wuce ni, ni ban kai nan ba." Na sunkuyar da kai, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba.

Da na samu numfashi na ce wa mai tumatir ɗin, "Baba, littafin wa ne wannan?"

"Oho. Mu dai littafin tabki muke ce masa. Wai wata 'yar Kano ce."

Ta gaba ta ce, "Ba Kano ba, Katsina. Ba ki ji Hausar ba?"

Na roƙe ta ta mayar da shi farko. Muryar mai turi ce ta fara fitowa, yana faɗin sunan rumfarsa da inda take, sau biyu, da kiɗa a ƙasa. Sannan Inna ta yi bisimilla, ta faɗi sunan littafin. Sai shiru, kamar na numfashi uku. Sai labari ya fara.

A daidai wannan shirun sunana ya kamata ya kasance. Ashe haka ake yi. Ba sai an sace kaye ba, wuƙa kawai ake sa wa a yanke wuri ɗaya.

Ina sauka na kira dattijon Maradi. Ya ce, "Littafin tabki? Ana ta tambayata shi, har na sa a gyara na'ura. Sai dai ke ce ta uku da ta ce nata ne. Wani saurayi ya kawo mini shi a buge tsaf, wata mata kuma ta aiko mijinta."

"Baba, ni ce na zo maka da kaye huɗu!"

"Na tuna ki sarai. Amma me ke cikin kayen? Kin bar ni na karanta?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Kaye kuwa, duk mai kunne da bik zai iya zama ya cika huɗu daga abin da ya saurara. Ki kawo mini mai muryar nan, ta faɗa da bakinta wa ya rubuta. Zuwa ƙarshen wata zan buga, don in na daɗe wani zai riga ni a ƙetare. Sunan wanda ya tabbata shi zan sa."

Makon da na yi a Safo bayan wannan, ban san me na koya wa yara ba. Ina rubutu a allo ina ƙulla zaren. Dattijo ne ya tura ni wajen mai turi. Mai turi ya yanke suna. Yanzu dattijo na cewa mutum uku. Wa ya san ko saurayin ɗan'uwan ɗayansu ne? Wa ya san ko matar da ta aiko mijinta matar mai turin ce? Har abokiyar aikina na riƙa yi wa kallon gefen ido, don na tuna ta taɓa tambayata yadda labarin zai ƙare. Da la'asar in zauna a bayan aji ina kallon amalanken jakai na dawowa daga gona, ina shirya maganar da zan faɗa wa mai turi, ina gyara ta kamar baitin waƙa.

Juma'a na dawo gida ban ce wa Inna komai ba, kada ranta ya ɓaci bayan wahalar mako bakwai. Asabar da safe na buɗe akwati na ɗauki katin. Ban saurara ba. Me zan saurara? Shaidata ce, na san abin da ke ciki.

Na iske rumfar cike, direbobi na jiran lodi, wani mai canji na zaune a bakin benci. Ko sallamar kirki ban yi ba.

"Malam, ina sunana?"

"Sunanki? Yana wajen wanda ya raɗa miki, madam."

Aka yi dariya. Muryar nan tawa ta lallashin jariri, ran nan har masu shayi na tsallake sun ji ta. Na ce ya yanke sunana ya ɗora na rumfarsa. Na ce shi da na Maradi bakinsu ɗaya. Na ce Allah na gani. Na kwance hankici na ɗaga katin sama, na ce ga asalin nan, a sa kowa ya ji.

Ya cire asuwaki daga baki, ya ajiye shi a hankali. "Kawo. A lasifika zan sa, tunda a bainar jama'a kika zo."

Ya sa. Inna ta yi bisimilla. Ta faɗi sunan littafin. Na ɗaga kai ina jiran sunana ya fito ya wanke ni.

Shiru. A cikin shirun kurciyar bedinmu ta yi kuka sau uku, aka ji ƙarar juya shafi, labari ya fara.

Na ce a sake. Ya sake. Sannan ya kunna nasa, wanda yake tura wa mutane. Shirun nan dai, kurciyar nan dai, sau uku.

"To madam," in ji shi, "in ni na yanke, ya aka yi na bar kurciya da ranta?"

Wani tsohon direba da ke kishingiɗe ya tashi zaune. "Ɗiyata, mai karatun nan mece ce taki?"

"Innata ce."

"Ke ce ta fari?"

Kafin ya rufe baki na riga na gane. Rumfar ta ɗauki dariya. Mai canji har da buga cinya, yana cewa, "Kin yi lise, kin gama sakandare tsaf, kin yi komai, ba a koya miki wannan ba?"

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ce ɗiyar fari, kuma sunan uwar mijinta aka sa mini, kunya biyu a suna ɗaya. "Ke" take ce mini, ko "yarinyar nan". In muka je likita aka tambayi sunana, takarda take miƙawa. Ranar da sakamakon jarrabawarmu ya fito aka karanto ni a rediyo, tashi ta yi ta shiga madafa. Na saba da wannan har na daina jin sa, kamar yadda mutumin bakin tabki ba ya jin kwaɗi. Ni da karatuna, na ɗauka abin da ke rubuce ba faɗa ba ne, karantawa ce kawai. Na zaga duniya ina neman wanda ba zai sace mini suna ba, na je na miƙa shi ga mutum ɗaya tak da ba za ta iya furta shi ba.

Na ba mai turi haƙuri a gaban mutanen da na zage shi a gabansu. Ya ce ba komai, ya saba, marubuta duk haka suke. Har na juya zan tafi, sai wani abu ya tsaya mini.

"Malam, ka ji shirun nan tun ranar farko?"

Ya mayar da asuwaki baki. "Na ji."

"Me ya hana ka kira ni?"

"Na ɗauka sakayawa kike so. Mata da yawa ba su son a ji sunansu a tasha."

Ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, bai ɗago ba har na fita. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma labarin da ba shi da mai shi, sunan da ke gabansa shi ake riƙewa, kuma sunan rumfarsa ne a gaba, sau biyu, da kiɗa. Har yau ban yanke masa hukunci ba, ban kuma wanke shi ba.

Na iske Inna tana tsinkar zogale a tsakar gida. Na zauna kusa da ita na jawo reshe ɗaya.

"Inna, ba ki faɗi sunana ba."

"Na karanta abin da ke karantuwa."

"A rubuce yake fa."

"Na gani. Har layi biyu kika ja masa."

"To?"

"To me? Don yana kan takarda sai bakin ya zama na wata?"

Na gaya mata komai, da motar, da 'yar Kano, da saurayi mai bugu tsaf, da ƙarshen wata. Hannunta ya tsaya a kan ganye.

"Wasu suka ce nasu ne? Wanda na ga kina rubutawa tuwo na hucewa a gabanki?"

"Alhajin ya ce sai mai muryar ta zo ta faɗa da bakinta."

Ta ci gaba da tsinka. "Zuwa dai zan zo," in ji ta. Ba ta ƙara ba.

Sai ga muryar Kaka, uwar mahaifina, daga ƙofar ɗakinta, inda muka ɗauka gyangyaɗi take. "Me ake yi da sunana a tsakar gida? Ke takwara, na ara miki suna mai kyau, kin kai shi tasha ya ɓata?"

"Kaka, ba ɓata ya yi ba, ba a faɗe shi ba ne."

"Yo wa zai faɗa? Wannan?" Ta nuna Inna da sanda. "Shekara nawa tana gidan nan, ko a mafarki ba ta taɓa ba. Ku nemo mini wuri a gaban mota. Mai kaya ce za ta je ta karɓi kayanta."

Mu uku muka shiga shagon ranar Asabar ta gaba. Dattijo ya ba Kaka kujerarsa, suka gaisa doguwar gaisuwa. A kan teburinsa na hango ƙunshin saurayin, fari tas, an buga shi da kyau fiye da yadda na taɓa mafarkin ganin labarina. Ya buɗe kayena na uku a tsakiya, inda ya ga dama, ya miƙa wa Inna. Ta gyara lulluɓi ta fara. Ba ta kai layi huɗu ba wasu mata biyu da ke zaɓen littattafai suka juyo. Ɗaya ta dafa ƙirji ta ce, "La ila, ita ce!"

Dattijo ya ce, "Muryar ta tabbata. To Hajiya, wa ya rubuta?"

Inna ta rufe kaye. "Ga ta nan tsaye."

"Na gan ta. Sunan nake son ji."

Inna ta dubi ƙasa. Na ga leɓenta ya motsa, ya koma ya rufe. Kaka ta buɗe baki, dattijo ya ɗaga mata hannu da ladabi. A raina na ce shi ke nan, tarko ne, ya san ba za ta faɗa ba, hujja yake nema ya ba wa saurayin. Na fara tattara kayena.

Sai dattijo ya cire tabarau yana murmushi. "Ta fari ce ko?"

Kaka ta ce, "Ta fari, kuma takwarata. Ka ga kuwa uwar, ko wuƙa ka sa mata ba za ta faɗa ba."

"Na saurari shirun nan ya fi sau goma," in ji shi. "Mai karatun haya, sunan marubuci take fara faɗa, har ta maimaita. Na tambayi saurayin me ya sa mai karatu ta tsaya a nan, ya ce na'ura ce ta sami matsala. Mijin waccan ya ce numfashi take. Na ce a raina, wannan ba na'ura ba ce, ba numfashi ba ne. Na san shirun nan, uwata ta yi mini shi har ta koma ga Allah. So nake in gan shi da idona."

Ya ture farin ƙunshin gefe. Sannan ya ɗauko salularsa, ya danna wajen ɗaukar murya, ya kai bakin Kaka. "Hajiya, ke kuma ba ki da wannan matsalar."

Kaka ta gyara zama, ta faɗi sunana da na ubana, da ƙarfi, sau uku, kamar mai shela a kasuwa. Ta ƙara da cewa, "Ta Madarumfa, ba ta Kano ba, wadda har yau ba ta iya tuƙa tuwo ba gudaji." Inna ta ja lulluɓi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na girgiza.

Dattijo ya ce, "Yanzu fa, ɗiyata? Za ki bar mini kayen, ko in buga daga na saurayin?"

Hannuna ya ƙi sakin jakar. Sai da Inna ta ce, "Ke, ajiye," na ajiye. Mako biyun da suka yi a shagon nan sai da na rame, kuma ranar da aka mayar mini da su, a cikin mota na duba shafi bayan shafi. Ba abin da ya ɓata. A gefen wasu shafukan ya yi mini gyara da fensiri, kuma kusan ko'ina shi ke da gaskiya.

Littafin ya fita da sunana a bango. Mai turi ya liƙa muryar Kaka da dattijo ya ɗauka a gurbin shirun, har da zancen gudajin, don ya ce shi mutane za su fi riƙewa. Sai dai tsohon karatun, marar suna, ya riga ya yi nisa, daga salula zuwa salula, ba mai kamo shi. Kwanan baya a layin famfo na ji wata na rantsuwa cewa ta san 'yar Kanon da ta rubuta shi, har sun taɓa haɗuwa a biki. Na cika bokitina na tafi.

Inna na ajiye nata littafin a cikin kwalla, tare da takardun gida. In maƙwabta suka taru a gindin bedi suka roƙe ta, takan fito da shi ta karanta musu. Na lura da yadda take riƙe shi: babban yatsanta a kan sunan, daidai tsawonsa, har wurin ya fara dushewa.

Na kusa cika kaye na biyu na sabon labari. Mai turi ya aiko direba sau biyu yana tambaya ko akwai wani abu a ƙasa. Na ce a gaya masa ana nan ana yi. Makullin akwatin yana bakin zanena.